Waye ke biyan kuɗin maganin da ake ba mu kyauta?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a jihar Jigawa. Maganin tarin fuka, da na ƙanjamau, da gidan sauro, da maganin zazzaɓin da muke bi gida-gida muna ba yara da damina, duk kyauta muke bayarwa. Mutane kan tambaye ni waye ke biya, kuma me yake nema a wurinmu. Tun da aka fara maganar Amurka ta janye tallafi, masu karɓar magani suka shiga fargaba. Don Allah daga ina kuɗin ke zuwa, kuma in an daina bayarwa ina muka dosa?

Amsa: Malama, sannu da aiki, Allah Ya ba da lada. In mai tambayar yana sauri, ki ce masa masu biyan haraji ne na Amurka da Ingila da Faransa da Jamus da Japan da ire-irensu, sai wasu masu hannu da shuni irin gidauniyar Bill Gates. Gwamnatinmu ke biyan albashinki, ita ta gina ɗakin da kike zaune, amma ƙwayar maganin da tsinken gwajin da dilar gidan sauron, akasarinsu da dala aka sayo su, kuma dalar ba tamu ba ce. In kuwa yana da lokacin zama, to zancen da tsawo, kuma daga Abuja ya faro.

A shekarar 2000, maganin rage kaifin ƙanjamau na mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000. A Turai masu cutar sun fara murmurewa suna komawa bakin aiki, a Afirka kuwa likita ba shi da abin ba mutum sai haƙuri. A watan Afrilun 2001 Obasanjo ya tara shugabannin Afirka a Abuja kan ƙanjamau da tarin fuka da sauran cututtuka masu yaɗuwa. Abu biyu suka fito daga wannan zama. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya nemi a kafa asusu na duniya, ya ce yaƙin yana bukatar dala biliyan 7 zuwa 10 kowace shekara. Su kuma shugabanninmu suka sa hannu cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinta. Ba a yi wata guda ba Shugaban Amurka George Bush ya yi alkawarin dala miliyan 200 na farko, Obasanjo da Annan na tsaye a gefensa. A Janairun 2002 Asusun Global Fund ya fara aiki daga birnin Geneva. Alkawarin kashi 15 kuwa, gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta taɓa cika shi ba. Ko a shekarun da aka fi taɓukawa, a wajen kashi 6 kason lafiya ke tsayawa.

Da yake Jigawa kike, Asusun Global Fund ya fi shafarki, don haka zan fi daɗewa a kansa. Asusun ba shi da asibiti ko ɗaya, ba shi da likita, ba shi da motar raba magani. Aikinsa tara kuɗi, rabawa, da bin sawu. Duk shekara uku ake kiran taro, wakilan ƙasashe su miƙe ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da za su bayar. Idan an san abin da ya taru sai a yanka wa kowace ƙasa nata, ana duba nauyin cutar a ƙasar da kuma ƙarfin aljihunta. Kusan rabin kuɗin ƙanjamau ke ɗauka, kusan kashi ɗaya cikin uku maleriya, ragowar tarin fuka. Masu aikin tarin fuka sun daɗe suna ƙorafin wannan rabo, kuma ni ina ganin da gaskiyarsu, tunda tarin fuka ya fi kowace cuta mai yaɗuwa kisa a duniya yanzu, mutum sama da miliyan ɗaya a shekara. Duk da ƙarancin kason nasa, kusan kashi uku cikin huɗu na duk kuɗin waje da ake kashewa kan tarin fuka daga wannan asusu yake fitowa. Na maleriya kuwa wajen kashi 60 cikin ɗari.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa samu. Na 2024 zuwa 2026 an ware mata dala miliyan 933. A baki kuɗin yana da ban tsoro, amma ki raba shi shekara uku, ki sake raba shi kan mutum sama da miliyan 220, za ki ga bai kai dala ɗaya da rabi ga kowane mutum a shekara ba. Abin mamakin dai shi ne yawan aikin da wannan ɗan kuɗi ke yi.

Yadda yake isowa wurinki ma ya kamata ki sani. Akwai kwamiti a Abuja da ya haɗa ma'aikatar lafiya, da ƙungiyoyin sa-kai, da na addini, da wakilan masu ɗauke da cututtukan su kansu. Shi ke rubuta buƙatar ƙasa ya aika Geneva, ƙwararru su tantance, sannan a zaɓi waɗanda za su riƙe kuɗin: hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, wato NACA, da shirin ƙasa na yaƙi da maleriya, da na tarin fuka da kuturta, da ƙungiyoyi irin su Catholic Relief Services. Babban kaso na kuɗin ko ƙasar nan ba ya takawa. Daga can ake biyan kamfanin da ya haɗa maganin a Indiya ko China, kaya su sauka Legas, su shiga manyan sito, sannan motoci su bi jihohi suna saukewa. Takardar lissafin kaya da kike cikewa, wadda mutane da yawa ke ɗauka wahala ce kawai, ita ce ke hawa mataki-mataki har ta zama adadin kwalayen da za a yi oda shekara mai zuwa.

Game da maleriya, an raba jihohin Najeriya tsakanin masu tallafi. Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna da Yobe da Gombe da Adamawa suna cikin goma sha uku da Global Fund ke ɗauka. Sakkwato da Kabi da Zamfara da Bauchi suna cikin goma sha ɗaya da ke ƙarƙashin shirin shugaban Amurka na yaƙi da maleriya, wato PMI, wanda aka kafa a 2005. Ragowar jihohin an bar su da rancen Bankin Duniya da Bankin Raya Ƙasashen Musulunci, kuma rance dai rance ne, za a biya. Shi ya sa ke da ƙawarki da ke aiki a Gusau za ku iya ganin abu daban-daban a shekara ɗaya, alhali sauron ɗaya ne.

Ƙanjamau kuwa babban mai ɗaukar nauyinsa shi ne PEPFAR, shirin da Bush ya sanar a Janairun 2003 da dala biliyan 15 na shekara biyar, wanda zuwa yanzu ya haura biliyan 110. Bambancinsa da Global Fund ba ƙarami ba ne. Global Fund na ƙasashe da yawa ne, yana da hukumar gudanarwa da masu bayarwa da masu karɓa ke zaune a cikinta, kuma alkawarinsa na shekara uku ne. PEPFAR da PMI na ƙasa ɗaya ne, majalisarta ke amincewa da kuɗin shekara-shekara, hukumominta irin USAID ta tallafin waje da CDC ta yaƙi da cututtuka ne suka riƙa ba da kwangilar aikin kafin a rufe USAID a 2025. Abin da ƙasa ɗaya ke riƙe da shi, sa hannun mutum ɗaya na iya tsayar da shi, kuma haka aka yi. Alluran riga-kafi kuma na Gavi ne, ƙawancen samar da riga-kafi na duniya, wanda aka kafa a 2000 da dala miliyan 750 na gidauniyar Gates. Shi ba ya bayarwa kyauta zalla. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi irin Nijar tana biyan santi 20 kan kowace allura, in tattalin arziƙinta ya ɗaga sai kasonta ya riƙa hawa har ta ɗauki duka. Najeriya a 2021 ya kamata ta yaye, aka ga ba za ta iya ba, aka ɗaga mata zuwa 2028. Allurar maleriya da Kamaru ta fara a Janairun 2024, Nijar ta fara a Gaya a Satumba, Najeriya ta fara a Kabi da Bayelsa a Disamba, duk ta wannan hanya ta zo.

Idan aka tambaye ni babbar nasarar waɗannan asusai, farashi zan ambata kafin komai. Kin san watanda: mutum ɗaya ba zai iya sayen bijimin sa ba, in ya je wurin mahauci kuma tsada za a yi masa, amma mutum ashirin in suka haɗa kuɗi suka sayi san, kowa zai koma gida da kason da ya fi ƙarfin kuɗinsa. Haka aka yi da magani. A Fabrairun 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da maganin shekara guda kan dala 350. Da asusai suka fara haɗa odar ƙasashe masu yawa wuri ɗaya, suna ba kamfanoni tabbacin ciniki na shekaru, farashin ya yi ta gangarowa. Ƙwaya ɗaya a rana da kike ba masu ƙanjamau yanzu ta shigo a 2017 kan dala 75 a shekara, a 2023 ta sauko ƙasa da 45. Kwalbar gwajin kaki ta na'urar GeneXpert mai gano tarin fuka an sauko da ita dala 9.98 a 2012, sannan 7.97 a 2023. Ba wata jiha, kai ko ƙasa, da za ta samu wannan farashi in ta je kasuwa ita kaɗai. Wannan ya kamata masu cewa mu ɗauki nauyin kanmu su riƙe: ko da kuɗinmu za mu saya, gara mu ci gaba da saye cikin taron.

Sai tambayar mutanenki, me suke nema. Kada ki ce musu don Allah kawai ake yi, ba za su yarda ba, kuma ba gaskiya ba ce cikakkiya. Akwai tausayi na haƙiƙa a ciki: majami'u da masu fafutuka da masu ɗauke da cutar a can su suka matsa wa gwamnatocinsu lamba. Akwai tsoro: a Janairun 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna kan ƙanjamau a matsayin barazanar tsaro, kuma cuta ba ta neman biza. Akwai neman ƙawance da faɗa-a-ji. Akwai kuma ciniki, domin wani kaso mai kauri na kuɗin yana komawa ga kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasar da ta bayar ta hanyar kwangila da albashi. Abin da babu shi ne zargin da aka fi yaɗawa, cewa an sa wani abu a ciki don hana haihuwa. Sinadarin da ke cikin ƙwayar ƙanjamau da kike bayarwa shi ake ba marasa lafiya a asibitocin Landan, yawancinsa a Indiya ake haɗa shi, kuma Asusun ba ya sayen maganin da bai tsallake tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya ko wata babbar hukuma makamanciyarta ba. Amma kada ki yi wa mai zargi dariya. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi kan yara wajen 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, shari'ar da sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Dakatar da allurar shan inna a 2003 a kan wannan tabo ya tsiro, kuma ba a koma ba sai a 2004 da aka kawo allura daga Indonesiya.

Tsarin yana da nasa aibobi, kuma ba daga ɓangare ɗaya ba. An yi sata. A 2011 labarin ɓatan kuɗin Asusun a Mali da Mauritaniya da Djibouti da Zambiya ya sa Jamus ta dakatar da nata kason, a ƙarshen shekarar aka soke zagayen tallafi guda sukutum saboda ƙarancin kuɗi. A 2016 masu binciken Asusun suka gano dala miliyan 3.8 da aka karkatar a wani sashe na ma'aikatar lafiya ta tarayyar Najeriya. Kowace irin wannan badaƙala takan jawo ƙarin takardu da ƙarin masu sa ido, su ma da kuɗin tallafin ake biyansu. Wani lokaci ma ba sata ba ce, sakaci ne tsagwaronsa: a Ghana, kwantenoni masu yawa na gidan sauro da magungunan da Asusun ya bayar kyauta sun yi watanni suna zaune a tashar jiragen ruwa ta Tema tsakanin 2023 da 2024, saboda rigimar kuɗin fito.

Aibin da ya fi damuna shi ne wanda ba a kama kowa da shi. Saboda masu bayarwa suna son sakamako da sauri kuma ba su amince da tsarin gwamnati ba, sai suka gina nasu a gefensa: nasu ma'aikatan tattara bayanai, nasu motocin, nasu ɗakunan gwaji, nasu alawus. Ke kin fi ni sani, a asibiti ɗaya za ki ga ɗakin masu ƙanjamau da kwamfuta da firji da sola, ɗakin haihuwa kuwa da fitilar waya ake karɓar jariri. Su kuma masu rubuta kasafi, da suka ga wani ya ɗauki waɗannan cututtuka, sai suka kai kuɗin wani wuri. Fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin yaƙi da ƙanjamau a Najeriya daga waje yake zuwa. Hatta sanin yawan masu cutar, sai da kuɗin PEPFAR da Global Fund aka yi babban binciken 2018, wanda ya nuna mutum miliyan 1.9 ne, ba sama da miliyan 3 da aka daɗe ana faɗa ba. Shekaru aka yi ana tsara aiki a kan adadin da ba shi ba.

Yanzu abin da ya faru a 2025. Ranar 20 ga Janairu, ranar da aka rantsar da Donald Trump karo na biyu, ya sa hannu kan dakatar da tallafin waje na kwana 90. Cikin 'yan kwanaki wasiƙu suka isa ga ƙungiyoyi cewa su ajiye aiki nan take. Daga baya an ce aikin ceton rai ya ci gaba, amma an riga an sallami ma'aikata, hanyar biyan kuɗi ta toshe, kuma ranar 1 ga Yuli aka rufe USAID baki ɗaya. A watan Yuni Amurka ta ce ta daina ba Gavi kuɗi, taron Gavi da ya nemi dala biliyan 11.9 ya tashi da ɗan abin da ya haura 9. Ba Amurka kaɗai ba ce: Ingila ta sanar a Fabrairu cewa za ta rage tallafin waje daga kashi 0.5 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.3 don ƙara wa soja. Global Fund shi ma a tsakiyar shekarar ya zaftare wajen dala biliyan 1.4 daga abin da ya riga ya ware wa ƙasashe. A taron Nuwamba a Johannesburg ya nemi biliyan 18, aka yi alkawarin 11.34 a ranar, alhali zagayen 2022 ya tara 15.7. Wasu ƙasashe sun ƙara daga baya, amma giɓin bai cike ba. Amurka ta ce 4.6 maimakon 6 na baya. Akwai kuma wata dokar Amurka da ke ƙara dagula lissafi: ba ta yarda kasonta ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jimilla ba, don haka in Turai ta rage, nata ma yana iya raguwa.

Amurka ba ta fita gaba ɗaya ba, salo ta sauya. Yanzu yarjejeniya take yi da kowace ƙasa kai tsaye. Wadda ta yi da Najeriya a Disambar 2025 ta ƙunshi kusan dala biliyan 2 daga Amurka cikin shekara biyar, bisa sharaɗin Najeriya ta ƙara kusan biliyan 3 daga aljihunta. Wato nasu zai riƙa sauka, namu ana sa ran ya riƙa hawa.

Saboda haka ki faɗa wa masu fargaba cewa maganin ba zai ɓace dare ɗaya ba. Idan kuɗi ya ragu, ƙwayar magani ita ake karewa har ƙarshe, domin ita ake gani, ita ake ƙirgawa. Abin da ke fara mutuwa shi ne abin da ba ya fitowa a hoto: ɗan acaɓan da ke ɗaukar kaki daga asibitinki zuwa inda na'urar gwaji take, man janareta na ɗakin gwajin, katin wayar da ake kiran wanda ya daina zuwa karɓar magani, matar da ke raka mai juna biyu har ta haihu ba ta sa wa jaririn cutar ba, da yaron da ke shigar da bayanai. Sai magani ya kasance yana kan kanta, amma ba a gano sabon mai cutar ba. Najeriya ta ɗaga yawan masu tarin fuka da ake ganowa daga wajen 138,000 a 2020 zuwa sama da 360,000 a 2023, kuma da irin waɗannan ƙananan abubuwa aka yi. In sun tsaya, rahoto zai nuna masu cutar sun ragu, wani ma ya yi murna, alhali nema aka daina.

Cikin cututtukan uku maleriya ce ba ta jira. Ƙanjamau da tarin fuka sukan ɗauki watanni ko shekaru kafin ɓarnar ta bayyana, maleriya kuwa damina ɗaya ta ishe ta. Gidan sauro shekara uku ake ba shi, sau da yawa ba ya kaiwa. Maganin damina da kuke ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda aka fara gwadawa a Katsina a 2013 kuma yanzu yake kaiwa ga yara sama da miliyan 25 a Najeriya, in ba a yi odarsa watanni kafin ruwan farko ba, an rasa shekarar. A 2023 mutum 597,000 maleriya ta kashe a duniya, kusan kashi 31 cikin ɗari a Najeriya, wajen kashi 6 a Nijar, kuma ko a wannan shekara da ba a fara yanke tallafi ba, dala biliyan 4 aka samu daga cikin 8.3 da ake bukata. Ba sai kin je nesa neman misali ba. A Garki ta jiharku, tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani shahararren aikin bincike: aka yi feshi a ɗakuna, aka raba magani ga ƙauyuka. Cutar ta faɗi ƙasa warwas, amma ba ta yanke ba, kuma da aka tsayar da aikin ta koma inda take. A yankinmu maleriya dannewa ake yi, kuma dannewar kuɗi take ci kowace shekara.

Shin za mu iya biya da kanmu? A nan dole a raba Najeriya da Nijar. Najeriya, in ana maganar ƙwayar magani, za ta iya. Mutum sama da miliyan ɗaya da rabi ke karɓar maganin ƙanjamau, ki ninka da dala 45, bai kai miliyan 100 ba a shekara. Abin da ke kewaye da ƙwayar, gwaji da sufuri da ma'aikata, shi ya fi tsada, ga kuma faɗuwar naira daga wajen 460 kan dala a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, wanda ya ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi sau uku. A Fabrairun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen maganin ƙanjamau, aka kuma ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Mataki ne mai kyau, amma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san rubutawa daban, sakin kuɗi daban. Wasu jihohi, har da Kano da Bauchi, sun sha rubuta kashi 15 ko fiye a takardar kasafi. Abin dubawa shi ne nawa ya fita daga baitulmali kafin ƙarshen shekara, kuma a wane wata, tunda kuɗin maganin damina in ya fito a Nuwamba ba shi da amfani. Nijar kuwa aljihunta bai kai ba, ko da an yi niyya. Tun 2006 ta yi dokar kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma asibitoci sun daɗe suna bin gwamnati bashin kuɗin. Ga irin waɗannan ƙasashe, kiran a tsaya da ƙafa cikin shekara biyu ko uku yaudarar kai ne, ko daga bakin wa ya fito. Ni da za a bi tawa, abin da ya rage na tallafin a karkata shi ga irin su Nijar da Chadi, a matsa wa irin su Najeriya su biya nasu.

Akwai tsarin miƙa nauyi da na ga ya fi hankali, kuma a arewa aka yi shi. Wajen 2013 gwamnatin Kano ta shiga yarjejeniya da gidauniyar Gates da ta Ɗangote kan riga-kafin yara: asusu ɗaya, kowa ya zuba nasa, kason jiha yana hawa kowace shekara na gidauniyoyin yana sauka, kuma ana zama da gwamna a duba ko ya zuba. Daga baya Bauchi da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe suka shiga. Bai warware komai da komai ba, har yanzu arewa ce ke da mafi yawan yaran da ba a taɓa yi wa allura ba. Amma an san ranar da nauyi zai koma kan wa, an kuma ba da shekaru. Abin da aka yi a Janairun 2025 kishiyar wannan ne. Haɗa magani a gida ma ana ta magana, kuma an fara: a 2024 wani kamfani a Legas ya samu shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya kan maganin kariya daga maleriya, a 2025 Global Fund ya sayi maganin ƙanjamau da aka haɗa a Kenya ya kai Mozambik. Sai dai a farkon tafiya na gida yakan fi na Indiya tsada, kuma wani ne zai biya bambancin.

Idan mai tallafi ya ja baya gwamnati ba ta matso ba, nauyin kan marar lafiya yake faɗawa. Dama fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Mai tari zai tafi kyamis ya sayi na sati biyu, ya ji sauƙi ya daina. Nan ake samun tarin fuka mai bijire wa magani, wanda kuɗin maganinsa ya ninka na farko sau da yawa, ga shi yana yaɗuwa cikin gida kamar kowane tari.

A naki ɓangaren, Malama, ki riƙa aika lissafin kaya a kan lokaci kuma da adadi na gaskiya, domin a lokacin ƙaranci asibitin da rahotonsa bai zo ba shi ake fara tsallakewa. Kada ki jira kwali na ƙarshe kafin ki sanar da ƙaramar hukuma. Kwamitin ci gaban mazaɓa yana da ikon tambayar nawa aka saki wa asibitinku daga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ki nuna musu hanya. Masu karɓar magani kuma ki ja musu kunne kada su raba ƙwaya biyu ko su riƙa tsallake rana don ajiye na gaba, domin ƙwayar cutar takan dawo cikin 'yan makonni kuma ta koyi jure wa maganin. In an rage musu daga na wata shida ko uku zuwa na wata ɗaya, ki bayyana musu cewa ana tattala abin da ke sito ne har sabon kaya ya iso. Wanda kuma zai tafi cirani yana tsakiyar shan maganin tarin fuka, ki rubuta masa takardar sauya asibiti, ki karɓi lambar wani ɗan'uwansa da za a iya samu, sannan ki kira asibitin da zai je ki tabbatar ya isa.